Rabon Lantana

Ranar da aka ba su hutu
Lantana ta miƙo mini takardar sakamako.
Hannuna duk baƙin mai, da gefen riga na karɓa.
Lissafi saba'in da huɗu, Hausa tamanin,
can ƙasa kuma malama ta rubuta da jan biro:
yarinyar ba ta fatisifet a aji.

Ni faci nake yi a Kwangila, kusa da gada.
Na san ƙusa, na san gam, na san kukan iska in tana tsere wa taya,
amma wannan kalma ta fi ƙarfin aji huɗun da na yi.
Na yi ta juya ta a baki kamar tsakuwa cikin shinkafa.
Ciwo ne? Rashin kunya ne?
Ko wani kuɗi ne da ban biya ba?

Asabar na tashi da wuri, na nufi Wusasa
wurin Malam Istifanus,
wanda ya shekara talatin yana koyar da Turanci,
yanzu sai kiwon zabi da ciwon gwiwa.
Ni ke yi wa kekensa faci. Ba ya biya, ba na tambaya.

Ya ɗora tabaraunsa mai ɗaurin zare,
ya karanta, ya yi dariya har da tari.
Ya ce, Barau, kwantar da hankalinka.
Ana nufin ba ta shiga, ba ta sa baki,
ana ta damawa, ita tana gefe riƙe da ludayi.
Ana faɗin kalmar a wasa, a taro, a zaɓe, a muhawara,
kuma ba ta cika fita ba sai da 'yar rakiya,
wata ƙaramar kalma mai nufin ciki,
don ba a yin ta daga bakin ƙofa.

Sai ya jawo ƙamus, wanda bangonsa ya daɗe da yin ritaya,
ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa.
Ya ce, su ma Turawan Ingila aro suka yi,
daga Latin, bakin Rumawan da.
Kalma biyu aka manna, yadda kake manna roba kan roba:
ɗaya rabo,
ɗaya kamawa.
Kama rabonka. Iyakar zancen ke nan.

Zabi suka cika tsakar gida da surutu, ni na rasa nawa.
Na zaci wani abu ake so ta bayar,
ashe nata ne take bari a kwano.
Na hango ta gaban tuwo, ita da yayyenta uku,
sun kai loma biyar, tana jiran a ce mata bismilla.
Wa ya koya mata?
Yaro na gari ba a jin muryarsa.
Na san mai wannan magana,
da bakinsa nake cin goro.

Malam ya ƙunsa mini ƙwan zabi shida a leda.
Har na iso Tudun Jukun ban fasa ko ɗaya ba.

Bayan isha na zazzage cinikin mako a tabarma,
na ce, Lantana, zo ki taya ni.
Ta dubi uwarta. Ta dubi ƙofa. Ta matso.
Ta ƙirga sau ɗaya, leɓenta kawai ke motsi,
sannan, can ƙasa-ƙasa:
Baba, mai tifar nan na Laraba,
taya uku ka yi masa, kuɗin biyu ya ba ka.
Ina wurin, na kawo maka abinci.

Na ce, me ya hana ki faɗa?
Ta ce, ba a tambaye ni ba.

Da safe aka soya ƙwan.
Na tura farantin tsakiya, na harɗe hannuwana.
Yayyen suka yi caa.
Na yi gyaran murya, suka janye.
Muka zauna, mu biyar, tururi na ta raguwa,
har ta miƙa hannu.